Yadda Ake Zama Masanin Ƙarafa Mai Bincike da Koyarwa a Jami'a

Ilimin ƙarafa yana neman amsar tambayoyi biyu ne waɗanda ba sa rabuwa da juna. Ta farko ita ce yadda ake fitar da ƙarfe daga dutsen da Allah ya ajiye shi a ciki, ta biyu kuma ita ce dalilin da ya sa ƙarfen da aka fitar yake yin tauri ko laushi, yake lanƙwashewa ko karyewa, yake jure tsatsa ko ta cinye shi. Aikin ba baƙo ba ne a ƙasarmu, domin an tono tanderun narka tama a Taruga, kusa da Abuja, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma an narka tama a gindin dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Abin da ya raba masanin jami'a da maƙeri shi ne, maƙeri ya san abin da zai faru idan ya tsoma ƙarfen da ya yi ja a wuta a cikin ruwa, shi kuwa masani wajibi ne ya auna abin da ya faru, ya bayyana dalilinsa, ya rubuta shi ta yadda wani a wata ƙasa zai maimaita ya sami sakamako iri ɗaya. Wanda yake son ya yi rayuwarsa a wannan hanya ya shirya wa karatun da ba zai gaza shekara 11 ba bayan sakandare, idan aka haɗa da hidimar ƙasa, kafin a fara sauraron maganarsa a matsayin mai bincike mai cin gashin kansa.

Daga sakandare zuwa digiri na farko

Matakin farko a bayyane yake. Ka sami sakamako mai kyau a Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Turanci, domin su ne darussan da za ka rubuta a jarrabawar JAMB. Akwai sashen injiniyancin ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'o'in Fasaha na Tarayya da ke Minna da Akure da Owerri, da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, da Jami'ar Legas. Karatun shekara 5 ne. Wanda ya yi digirinsa a Kemistiri ko Fiziks ko injiniyancin kanikanci bai makara ba, yana iya shigowa fannin a digiri na biyu. Tun daga shekarar farko ka sa ido a kan makinka, saboda jami'o'i da masu ba da tallafin karatu ba su cika duban wanda bai fita da daraja ta ɗaya ko ta biyu mai babbar daraja ba.

Akwai darasi guda da nake roƙon ɗalibi kada ya haddace shi don cin jarrabawa kawai, wato taswirar da ke nuna halin baƙin ƙarfe idan ya haɗu da kabon a matakan zafi daban-daban. Tsantsar baƙin ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyos, kuma ba shi da wani tauri na a zo a gani. Ɗan kabon da bai wuce kashi 2 cikin 100 ba shi ne yake mayar da shi ƙarfen sitil, idan kuma kabon ya haura haka zuwa wajen kashi 4 sai a sami ƙarfen zubi, mai sauƙin narkewa amma mai saurin fashewa. A digiri 727 akwai wata iyaka, wadda idan ƙarfe ya ƙetare ta jerin ƙwayoyin zarrarsa yakan fara sauya tsari alhali yana nan a sandare bai narke ba. Duk wani gashi da sanyayawa da ake yi wa sitil a duniya, daga fartanya zuwa layin dogo, a kan wannan iyaka yake kai-komo. Ɗalibin da ya iya zana taswirar nan da ka, ya kuma iya faɗin abin da zai gani a ƙarƙashin madubin ƙara girma idan aka nuna masa wani wuri a cikinta, ya kama bakin zaren fannin.

A shekara ta huɗu za a tura ka horon masana'antu na wata 6. Kada ka nemi ofis mai sanyi kusa da gida. Ka nemi wurin da wuta take ci: gidan zubin ƙarfe, ko masana'antar rodi, ko Cibiyar Bunƙasa Ilimin Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos, ko Hukumar Binciken Albarkatun Sarrafa Ƙarfe da ke Kaduna.

Hannunka ya san ƙarfe

A nan ne nake son in daɗe, domin a nan ake rabuwa tsakanin mai takardar shaida da masani. Aikin da ya fi kowane zama ginshiƙi a ɗakin gwaje-gwaje shi ne shirya guntun ƙarfe don a duba tsarin cikinsa, dabarar da Henry Clifton Sorby ya faro a garin Shefil na Ingila wajen 1864. Ana yanko ɗan guntu, ana zuba masa ruwa yayin yankan don kada zafi ya sauya abin da ake son gani. Sai a dasa shi a cikin roba mai tauri don ya yi daɗin riƙewa, a goge fuskarsa da samfefa, a fara da mai kaushi lamba 240, a bi ta 400 da 600 da 800 har zuwa 1,200. Duk lokacin da za ka sauya takarda sai ka wanke guntun, ka juya shi a gicciye, ka ci gaba da gugar har sai zanen takardar baya ya ɓace gaba ɗaya. Daga nan a wuce zuwa ƙyalle mai juyawa da aka shafa wa garin alumina ko man lu'ulu'u, har fuskar ta yi sheƙi mutum yana ganin idonsa a ciki. Mataki na ƙarshe shi ne a shafa mata ruwan da ake kira naital, wato asid ɗin naitirik kashi 2 cikin 100 a cikin itanol, na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan, a wanke, a busar da iska mai ɗumi. Idan ka yi gaggawa a takarda guda, ƙarce ɗaya zai bi ka har ƙarƙashin madubi, kuma ba shi da magani sai komawa baya.

Gwajin da nake ba kowane mafari shawarar ya yi da hannunsa shi ne wannan. Ka sami sandar sitil mai kabon kimanin kashi 0.45 cikin 100, ka yanka ta gida uku, ka sa su a tanderu a digiri 850 har zafin ya ratsa su. Guntu na farko ka bar shi a cikin tanderun da aka kashe ya huce a hankali, na biyu ka fitar da shi ya sha iska, na uku ka tsoma shi a ruwa nan take. Bayan sun huce ka ɗauki magagari. Zai ci na farko cikin sauƙi, zai ci na biyu da ɗan ƙoƙari, amma a kan na uku sai dai ya riƙa zamewa yana ƙara. Idan ka shirya su ka duba a madubi, na farko zai nuna maka fararen ƙwayoyi na ferait da baƙaƙen wurare na falait, waɗanda idan aka ƙara girman za ka ga layi-layi ne kamar zanen yatsan hannu. Na biyu haka yake, sai dai ƙwayoyinsa sun fi ƙanƙanta, shi ya sa ya fi ƙarfi. Na uku kuwa duk ya rikiɗe ya zama matensait, tsinke-tsinke a sassarƙe, mai tsananin tauri amma mai saurin tsagewa, har sai an sake ɗumama shi tsakanin digiri 200 da 600 kafin ya yi amfani. Sanda ɗaya ce, sinadari ɗaya ne, bambancin kawai saurin hucewa. Gani ya kori ji, kuma wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa ba zai sake karanta littafin fannin kamar da ba.

Ka girmama ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, ka zauna kusa da su, domin yawancinsu sun shafe shekaru suna aiki da na'urorin da malaminka yake ambata a kan allo kawai. Harry Bhadeshia, ɗaya daga cikin fitattun masana sitil na wannan zamani, wanda aka haifa a Kenya a 1953, ya fara aiki ne a matsayin ma'aikacin ɗakin gwaji a wani kamfani a Ingila, kafin ya kai ga zama farfesa a Jami'ar Kambirij, inda ya yi suna da bincike a kan tsarin ciki da ake kira benait. Darussansa da yawa suna nan a intanet kyauta ga mai son karantawa.

Zaɓen tambayar bincike

Fannin yana da rassa: akwai masu fitar da ƙarfe daga ma'adini, da masu nazarin tsarin ciki da gashi, da masu nazarin ƙarfi da karyewa, da masu nazarin tsatsa, da walda, da zubi. Kafin ka gama digiri na biyu ya kamata ka san reshen da za ka zauna a kai. Amma abin da ya fi zaɓen reshe muhimmanci shi ne zaɓen tambaya, kuma ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne: tambaya mai kyau ita ce wadda wani yake jiran amsarta, wadda kuma za ka iya amsawa da kayan aikin da hannunka zai kai gare su.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwa na dakon kaya 2,710 da ake kira Liberty, waɗanda aka haɗa jikinsu da walda maimakon ƙusoshi don a yi sauri. Da yawa daga cikinsu suka riƙa tsagewa a ruwan sanyi na arewacin tekun Atlantika, wasu ma suka rabe gida biyu. Zargi ya fara sauka a kan masu walda. Tipper ta nuna cewa matsalar tana cikin ƙarfen kansa, domin akwai wani matakin sanyi wanda idan aka sauka ƙasa da shi sitil ɗin da aka sani yana lanƙwashewa sai ya koma mai fashewa farat ɗaya, jikin da aka yi wa walda kuma ba shi da gaɓar da za ta tsayar da tsagar idan ta fara gudu. Ba ta nemi tambayar da za ta yi saurin ba ta maƙala ba, ta bi tambayar da rayukan matuƙa suka rataya a kanta. Labarinta kuma amsa ce ga duk wanda yake ganin fannin na maza ne kaɗai.

Irin waɗannan tambayoyi suna nan birjik a gabanmu. An ƙulla yarjejeniyar gina kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet a 1979, da nufin samar da tan miliyan 1.3 a shekara a zangon farko, amma har yau ba a hura babban tanderunsa na narka tama ba. Dalilan siyasa da na kuɗi sun fi yawa a wannan labari, sai dai a ƙarƙashinsu akwai matsaloli na ilimi tsantsa. Tamar Itakpe tana ɗauke da ƙarfe kimanin kashi 36 cikin 100 ne kawai, dole a niƙa ta a tace ta har ta haura kashi 60 kafin ta shiga tanderu. Tamar Agbaja tana da yawa, amma fosfaros ya yi mata yawa, shi kuwa fosfaros yana sa sitil saurin karyewa. Kwal ɗin Inugu ba ya gasuwa ya zama dunƙulen gawayi mai ƙwari da ake kira kok, wanda babban tanderu yake bukata, na Lafiya da Obi kuma toka da farar wuta sun yi masa yawa. Kowace jimla a cikin waɗannan aikin shekaru ce ga mai bincike.

Akwai kuma tambayoyin da suka fi kusa da gida. Rodin da ake gini da shi a garuruwanmu yawancinsa daga ƙarafan jari-bola ake narko shi, kuma sanin yawan kabon da jan ƙarfe da suka saura a cikinsa, da yadda suke shafar ƙarfinsa da lanƙwasarsa, magana ce ta rai da mutuwa ga mazauna bene. Masu zubin tukwanen alminiyam a kasuwanni irin su Panteka da ke Kaduna suna narka tsofaffin kayan mota, to mene ne yake biyo ƙarfen zuwa cikin abinci? A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar tana zuba inda yara suke wasa. Samar wa ƙananan masu haƙa hanyar tace zinariya mai araha, wadda ba ta tayar da ƙura kuma ba ta dogara da zaiba, aikin masanin ƙarafa ne kai tsaye. Ɗalibin Nijar yana da nasa fagen a tace yuraniyom da asid a yankin Arlit da kula da tarin sharar da aikin yake bari.

Dole in yi gargaɗi a kan wata al'ada da ta yi yawa a mujallunmu, wato a ɗauko ganyen wata bishiya a tatsi ruwansa a gwada ko yana rage tsatsa, ko a ƙona ɓawon wani amfanin gona a zuba tokar a narkakken alminiyam a auna tauri, sannan wani ɗalibi ya zo ya sauya ganyen ko ɓawon ya maimaita. Tunanin asali ba shi da laifi, amma idan ba a gano sinadarin da yake aikin ba, ba a nuna abin da ya faru a tsarin ciki ba, to an ƙara yawan takardu ne ilimi bai ƙaru ba.

Digiri na biyu da na uku

Ka zaɓi malamin da zai duba aikinka kafin ka zaɓi jami'a. Ka karanta abin da ya wallafa a shekarun baya-bayan nan, ka tambayi ɗalibansa cikin ladabi tsawon lokacin da suka ɗauka kafin su gama, da kuma ko yana karanta babi idan an kai masa. Digiri na biyu yakan ɗauki shekara 2, na uku shekara 3 zuwa 4 idan abubuwa sun tafi daidai, ko da yake yajin aiki irin na 2022, wanda ya ɗauki wata 8, yana iya tsawaita lissafi. Wanda ya riga ya sami aikin koyarwa a makarantar gwamnati yana iya neman tallafin asusun TETFund, akwai kuma na PTDF, wato asusun bunƙasa fasahar man fetur, da na ƙungiyar Commonwealth, da na DAAD ta Jamus. Fita waje tana da amfani ƙwarai saboda na'urori, amma ka tafi da tambayarka da samfurin dutsenka ko ƙarfenka, domin idan ka koyi aikin da ba ya yiwuwa sai da na'urar da babu irinta a ƙasarka, ranar da ka dawo bincikenka zai tsaya. Wole Soboyejo, wanda ya koyar a Jami'ar Princeton ta Amurka, ya kuma shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, misali ne na mai ƙafa a waje da bai saki gida ba.

Babu sashen da ya mallaki duk abin da ake bukata, kuma ƙarfe ɗaya ba ya amo. Ka san inda madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron yake, da inda ake gwajin gano ma'adinai da hasken eksire, da inda injin ja-har-ya-tsinke yake aiki, ka kuma ƙulla zumunci da mutanen wurin tun kafin bukata ta taso. Cibiyar Binciken Makamashi da ke Zariya, alal misali, tana da ƙaramar tashar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ake amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin samfuri. Ka tsara gashin ƙarfenka bisa lokacin da wutar lantarki ta fi zama, ka rubuta a littafin gwaji duk sa'adda ta ɗauke, saboda gashin da aka katse ba daidai yake da wanda ya tafi a miƙe ba. Kowane gwaji ka maimaita shi aƙalla sau uku, ka bi ƙa'idojin da duniya ta amince da su kamar na ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwajin kayayyaki, ka kuma rubuta sakamakon da ya saɓa wa tsammaninka kamar yadda ya zo.

Wallafa, koyarwa da hawa matakai

A jami'o'in Nijeriya ana farawa daga mataimakin malami, a hau malami mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban malami, sai mataimakin farfesa, sannan farfesa, kuma galibi akan yi shekara 3 a kan kowane mataki. Ana duban yawan maƙalu da ingancinsu, a manyan matakai biyu na ƙarshe kuma ana aika ayyukan mutum ga masana na waje su tantance. Wannan matsin lamba shi ne yake jefa matasa hannun mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Ka guje su, domin sunanka ne yake tafiya tare da takardar. Ka riƙa karanta mujallu irin su Acta Materialia da Metallurgical and Materials Transactions don ka san ma'aunin da ake auna aiki da shi, ka kuma ɗauki gyaran masu tantancewa a matsayin darasi kyauta. Ka yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Nijeriya, idan ka cika shekarun aikin da ta gindaya, ka shiga Ƙungiyar Masana Ƙarafa ta Nijeriya, ka halarci tarukanta ko da da aljihunka ne.

Koyarwa za ta ci rabin lokacinka ko fiye. Ka shiga aji da ƙarfe a hannu, karyayyen sifirin ko bututun da tsatsa ta huda, ka bar ɗalibai su taɓa. A ɗakin tanderu kuma kada ka sassauta a kan tabarau da safar hannu da takalmi mai rufi, ka tabbatar duk abin da zai taɓa narkakken ƙarfe a bushe yake ƙayau, domin ɗigon ruwa a cikin mazubi yana iya watsa ƙarfen a fuskar mutum.

Ka bar ƙofar ofishinka a buɗe ga masu masana'antu da makanikai da masu walda, saboda daga hannunsu tambayoyi mafi kyau suke fitowa. Idan aka kawo maka karyayyen shaf na injin niƙa ana son sanin dalili, kada ka yarda a haɗa ɓangarorin biyu don a ga ko sun dace, domin gugar za ta share shaidar da ke kan fuskar karayar. Ka ɗauki hotonta tun kafin a wanke, ka tambayi yadda injin yake aiki da ranar da ya fara ƙara, ka duba ko akwai layukan da suka faro daga wuri guda suka riƙa faɗaɗa a hankali, alamar cewa ƙarfen ya daɗe yana tsagewa kafin ya rabu. Sai bayan haka ne za ka yanki samfuri, nesa da bakin karayar, ka auna tauri, ka duba sinadari da tsarin ciki, ka rubuta wa mai injin rahoton da zai iya karantawa ya san ko ƙarfen ne bai dace ba, ko gashin ne aka yi ba daidai ba, ko kuwa lodi ne ya fi ƙarfinsa.